Shekarar da Muka Binne Gero Muka Tafi Kamun Kifi

Akwai wata magana da ke yawo cikin gidan nan tun kuna ƙanana, har ta tsallake katanga ta shiga kasuwar Tamaske: wai ni ne mutumin da ya binne geronsa cikin busasshiyar ƙasa, ya kwashi iyalinsa ya tafi arewa kamun kifi. In an yi baƙo, kafin a ba shi ruwa an ba shi labarin. Kai Sani, ran nan na ji ka kana faɗa wa abokanka, har da ƙarin cewa na yi wa gonar bankwana da hannu. Na ɗauki sunan nan shekara da shekaru ban ƙi shi ba, don mai tumbi irina yana da wurin ajiye magana. Amma tunda na zauna rubuta muku rayuwata, akwai wuri guda da zan gyara, kuma na nemi izinin mai wurin kafin in ɗauki biro.

Kun san mu mutanen Adar ƙafarmu kudu ta sani. Da an kai gero rumbu sai ƙauye ya zube, maza su hau mota: Abija, Kwatano, Legas. Ni shayi na sayar a Abija, babban birnin nan na bakin teku, har sai da na iya gane mai kuɗi daga yadda yake hura kofi. Na ga teku. Na ga gadar da in ka hau ta kana saurayi sai ka sauka da furfura. Kowace shekara ina dawowa gab da damina da atamfa da sabulu da labari, kuma labarin ya fi kayan nauyi. Innarku Mariyama kuwa tana nan. Ita ke da awaki, ita ke da rumbu, ita ke da rijiya, ita ke da ku. Iyakar tafiyarta kasuwar Tamaske, sai Tawa sau ɗaya, lokacin haihuwar Rabi, shi ma a kwance aka kai ta, a kwance aka maido ta. Abin da ta gani na birnin duka rufin asibiti ne.

Waccan shekarar na dawo da wuri. Ranar kasuwa na raka ta ina riƙe mata kwando, muka tsaya wurin wata mata mai suyar kifi, wadda ta ce daga Tabalak take kawo shi, can arewa da Tawa a kan hanyar Agadas. Innarku ta sayi na yara, ta karɓi canji, amma ba ta tafi ba. Ta rage murya, tana tsammanin hankalina na wurin masu tsire.

"Wai da gaske ne ruwanku ba a ganin ƙarshenai?"

"Baiwar Allah," in ji matar, "in kin tsaya wanga gefe, raƙumin da ke wancan gefe sai ki ce akuya ce."

Innarku ta dubi kifin da ke hannunta ta daɗe, sannan ta ce, "Allah mai iko," ta ƙulle shi a leda. Shekaru ina ba ta labarin teku tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗagawa, don ta san ni. Maganar mai kifi kuwa ta shige ta. A hanyar komawa gida na lissafa a zuciyata: duk inda na taɓa zuwa, na je ne don akwai wadda ta zauna.

Da maraice ana cin tuwo na buga sanarwa. Na ce bana gidan nan kaf zai tafi arewa: mu kama kifi a Tabalak, mu wuce Abalak mu ga raƙuma, mu kai har Agadas mu ga dogon masallacin ƙasa, wanda aka ce tsuntsu sai ya huta sau biyu kafin ya kai ƙolinsa. Na ɗauki kara na zana muku hanyar a ƙasa. Ke Zali, kina kolej a Keita lokacin amma kin zo gida kwana biyu, kika ce na sa Agadas a yamma. Kafin in gyara, kaza ta zo ta tone birnin gaba ɗaya. Kuka yi ta tsalle kuna rabon wurin zama a motar da ba mu da ita. Innarku ta tattara kwanoni.

"Ku sauka lahiya," ta ce. "Awaki ba su cin kihi."

"Matar Yaya Illa ta tsare su."

"Kaji hwa?"

"Mu ci rabi, mu tahi da rabi."

"Kai dai bakinka ya riga ya kai Agadas. Sai ka jira sauran jikinka."

Awaki ba su ne matsalar ba, lokaci ne. Da rani ba ni nan. Da na dawo kuna lakwal, wato makarantar boko. Ranar da malaminku ya sallame ku hutun ƙarshen shekara, ranar ce manomi ya fara kwana da ido ɗaya a sama. Daga shuka sai noma, daga noma sai maimai, kafin a huta koramu sun yanke hanya, sai girbi, sai ni kuma in hau motar kudu. Gidanmu bai taɓa cika a lokacin da babu aiki ba. Ƙofa ɗaya ce kawai, 'yar ƙarama: tsakanin rufe lakwal da ruwan shuka. In ruwan ya sauka da wuri, mu shuka mu tafi mu dawo kafin ciyawa ta tashi. Haka na tsara, kamar ni ke riƙe da igiyar hadari.

Mota kuwa ta Hamidu ce, taubashina, ɗan gwaggona, mai jigilar albasa daga kwarin Madawa. Bashe ce, wato a-kori-kura, tsohuwa, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, kuma ba ta tashi sai an ajiye ta a gangare, shi ya sa ta dace da ƙasarmu ta duwatsu. Na same shi a ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai ke waje.

"Bawana, hito ka gaida ubangidanka."

"Wane ne? Au, mai shayi. Na ɗauka buhu ne ya faɗo."

Na gaya masa shirin. Ya fito ya zauna, ya yi dariya har ya share ido da tsumman mai, fuskarsa ta yi baƙi.

"Ba'adare za ya arewa, ba sayarwa ba saye, kallo kawai? In an tambaye ni a shingen jandarma mi na ɗauko, in ce mi?"

"Ka ce manyan baƙi."

"In ce tumbi ɗaya da 'yan rakiya." Ya goge hannu. "Albasa ta ƙare, mota na zamne. Ka zuba mata esansi in kai ku. Amma ka ji: da koramu sun fara ci, zan ɗora ta bisa duwatsu in tahi gonata. Ko gwamna ya zo, sai kaka."

Daga ranar gidan ya zama sansanin shiri. Na fito da ƙugiyoyin da na taɓa saya a bakin teku, manya, kowace ta isa a rataye rago. Na yanko sandunan gora, na ɗaura zare, na cika babban baho da ruwa a tsakar gida ina koya muku jifa. Sani ya kama hular Yaya Illa daga bayan danga, wannan shi ne kamun farko na gidanmu. Muka yi doguwar shawara a kan abin da za a sa wa ƙugiya: tsutsar tana ba ta fitowa da rani, sai na ɗora wa Sani neman gara, Rabi ta ce ita za ta ba kifin ƙuli-ƙuli don shi take so. Innarku tana ta cewa ba inda za ta. Amma na lura an daka dakuwa da yawa fiye da bakin gidan, an wanke bido biyu, jarkokin ruwa, an kife, kuma atamfar da na kawo mata shekaru biyu baya, wadda ta ce sai bikin Zali, ta tafi wurin tela ba a gaya mini ba. Na yi kamar ban gani ba, wanda a wurina aiki ne mai wuya.

Aka rufe lakwal. Zali ta dawo da akwatinta. Sama kuwa fes, kamar an share ta da tsintsiya. Kullum da la'asar hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, ya yi gurnani, mu fito da sungumi mu jingine, sai ya bi ta kan garin Buza ya watse. Ƙofar nan tawa tana ta ƙara matsewa. Hamidu ya aiko cewa an yi ruwa a kudu, shi ba zai daɗe yana jira ba.

Sai Yaya Illa, yayana, wanda tun rasuwar mahaifinmu shi ne babba a gidan, ya kira ni zaure. Mutum ne wanda bai taɓa dariya kafin ya ga gero ya yi kai ba.

"Alasan, na ji kana shirin tahiya."

"Ɗan zagaye ne, Yaya."

"In ruwa ya sauka kana can kana wasa da zare, wa za ya shuka maka? Kowa na gonarshi ran nan, ko ɗan da ya iya tahiya ba a bari gida. Ƙasa ba ta jiran wanda ya tahi kallo. Ka zamna."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce. Ranar shuka babu gayya, babu aro, babu ɗan'uwa. In ka rasa danshin farko sai ka jira na biyu, kuma a ƙasarmu na biyu ba ya yin alkawari. Da maraice na tara ku na ce an ɗage tafiya sai baɗi. Rabi ta yi kuka. Zali ta ce dama ta sani. Sani ya zubar wa kaji garar da ya tara. Innarku ta ci gaba da dama fura, sai dai na ga ludayin ya tsaya na ɗan lokaci kafin ya ci gaba. Ni da ita duka mun san abin da baɗi ke nufi a gidan manomi.

To ga wurin da zan gyara, ku karanta a hankali.

Washegari na dawo daga sallar asuba na tarar da ita tsaye a tsakar gida, ta ɗaure ɗankwali tamau. Tulun iri, wanda take toshewa da toka da laka tun kaka, wanda ko ni ban isa in taɓa ba, yana buɗe. Ƙwarya cike da gero a kugunta. Ta miƙo mini sungumi.

"Mi ke nan?" na ce.

"Binne za mu yi."

Kun san binne: a shuka iri cikin busasshiyar ƙasa a bar shi ya jira ruwa. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, ka riga kowa. In yayyafi ya zo, ya jiƙa irin bai jiƙa ƙasa ba, sai ya tsiro ya ƙone, ka rasa iri ka rasa wahala. Ban da zabi da ɓeraye, waɗanda su a wurinsu walima ce. Tsofaffi na yin sa a ɗan yanki don gwaji. Ba wanda ke yin sa da irin gidansa duka.

"Mariyama, in ya ƙone hwa?"

"In ya ƙone ya ƙone. Shekara nawa ina toshe tulun ga, ina buɗe shi ranar da sama ta ga dama? Bana ni na ga dama." Ta gyara ƙwaryar. "Ka ce ruwan na da girma. In ƙarya kuka haɗa kai da mai kihi, ina so in gani da idona."

Ban taɓa karɓar sungumi da sauri irin na ran nan ba. Muka tashe ku. Ina gaba ina sara, ƙura na tashi, kuna biye kuna jefa iri kuna rufewa da diddige. Muka fara da gonar tudu mai yashi, muka koma ta fako, inda muka haƙa tassa, ramukan nan masu tara ruwa da muka koya zamanin furoje, aikin nan na raya karkara. Rana ta ɗaga sai ga Yaya Illa a bakin gona, hannu a baya. Ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya dube ni.

"Wa ya kawo wagga shawara?"

Na ga innarku ta sunkuyar da kai, ƙafarta a kan rami. Ita za ta zauna da mutanen ƙauyen nan rani da damina, a rijiya da wurin daka. Ni kuwa an riga an san ni, ƙarin hauka ɗaya ba zai canja mini suna ba.

"Ni ne, Yaya."

"Na sani," ya ce. "Tambaya ce kawai." Ya dubi innarku da tausayi. "Sannu, Mariyama. Allah ya ba ki ladan haƙuri."

"Amin, Yaya," ta ce, da murya irin ta wadda aka zalunta. Ban san ta iya ba.

Hamidu ya kawo bashe ya ajiye a gangaren masallaci. Aka loda tabarmi, tukunya, bido, dakuwa, sandunan gora suna leƙe ta baya kamar za mu yaƙi. Innarku ta fito cikin sabuwar atamfa, ta ba matar Yaya Illa amanar awaki ɗaya bayan ɗaya da sunansu da halinsu, har Hamidu ya ce in ana so a tafi da su a faɗa. Na ba ta gaba, ni na hau baya da ku, motar ta ɗan durƙusa, Hamidu ya leƙo ya ce a matsar da buhun tsakiya. Muka ratsa Tawa tana zaune, ido buɗe. Ta ce ashe garin yana da ƙasa.

Muka isa Tabalak, Hamidu ya tsaya a bakin tabki. Ta sauka, ta cire takalmi, ta taka har ruwa ya kai mata idon sawu, ta tsaya. Lokacin ma ruwan ya ja baya, masunta suna ta ba mu haƙuri wai mu dawo bayan damina mu ga abin kallo. Ita ba ta ji su ba. Can ta juyo.

"Ga raƙumin can," ta ce. "Kamar akuya."

Masuntan suka ga ƙugiyoyina suka kira junansu a zo a gani. Wani dattijo a cikinsu ya tambaya ko dorina muka zo nema, sannan ya ba mu ƙanana da hanjin kaza. Ni ban kama komai ba, kuma ina da hujja: kifin Tabalak bai saba da mutumin da ya ga teku ba, kunya yake ji. Innarku kuwa ta zauna a kan dutse ta riƙe gora kamar muciya. Da zaren ya motsa ba ta yi ihu ba, ta ja shi a hankali tana cewa, "Taho nan, ke," yadda take yi wa jar akuyarta. Tarwaɗa ce. Tsawonta, in na faɗa za ku ce ni ne, don haka ku tambayi Zali.

Muna cikin gasa ta wayata ta yi ƙara. Yaya Illa ne.

"An yi ruwa," ya ce.

"Alhamdu lillahi. Mai yawa?"

"Na tona da yatsa. Gaɓa ɗaya, sai busasshiya." Ya bar ni in ji daɗin maganar sosai. "Yaya kihi?"

Na kashe wayar na gaya musu. Kowa ya san ma'anarta, har Rabi. Irin tudu ya tafi. In babban ruwa ya biyo baya muna nesa, shi ma mun rasa shi. Hamidu ya daina tauna, karo na farko tun da na san shi, ya ce in muna so ya juya, kafin magariba muna gida. Duk muka dubi innarku. Tana cire ƙaya daga naman kifi tana ba Rabi a baki. Ta gama, ta wanke hannu a tabkin, ta dubi kudu inda sama ta yi duhu, ta daɗe tana kallo.

"Hamidu," ta ce, "Agadas wane gefe take?"

Mun je. Mun ga raƙuman Abalak, mun ga ƙasa ta miƙe ba dutse ba itace har Sani ya tambaya ko an kwashe kayan ne. Mun ga dogon masallacin, innarku ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya faɗi, ta ce wannan karon ban ƙara komai ba, wanda shi ne yabo mafi girma da ta taɓa yi mini. Babban ruwan kuwa ya sauka muna can. Da muka dawo gonar kowa ta yi kore, tamu ta tudu ta yi fari kamar sanƙon Hamidu. Ta fako ce ta cece mu, don ramukan tassa sun tara ɗan yayyafin nan sun riƙe tsiron. Sai da na ɗauki ƙwarya na tafi zauren Yaya Illa roƙon iri, ni da girmana da tumbina. Ya bar ni tsaye har ya gama yanke farce.

"Ba don kai ba," ya ce yana aunawa. "Don baiwar Allah da ka ja cikin haukarka."

Innarku ta aika masa da mafi girman kifin da muka ƙyafe. Ya cinye, ya ce ba laifi.

Mun sake shuka a makare, gonar tudu ta ba da abin da ta ga dama. Rumbu bai cika ba, na tafi kudu da wuri na dawo a makare, kun ci dawa fiye da yadda kuke so, innarku ta sayar da jar akuyar. Wannan shi ne kuɗin tafiyar, kuma ban taɓa jin ta ce kaico ba. A rijiya kuwa, shekara guda cur, in mata sun taru ita ke ba da labari, da hannu da ido da komai, har na ji raƙumin nan ya koma kamar kaza.

Da na karanta mata abin da na rubuta, ta ce Yaya Illa ya tsufa yanzu, ba zai iya biyo ta da sanda ba, in bar shi haka. Sannan ta tambayi Sani wai tabkin Cadi ta ina ake bi, kuma da gaske ne ya fi na Tabalak. Jiya da hantsi na wuce ta bayan ɗaki na gan ta tsugune gaban tulun iri, tana ƙwanƙwasa lakar da yatsa. Na je na duba sungumi, ƙotarsa na nan lafiya.